Tikiti Yana Hannu, Ƙasar da Za Ka Je Tana Hayaƙi: A Tafi Ko a Dakata?

Ranar Litinin, 5 ga Agustan 2024, abubuwa biyu suka faru waɗanda har yau in na haɗa su sai in girgiza kai. Ma'aikatar Harkokin Wajen Nijeriya ta gargaɗi 'yan ƙasa masu shirin zuwa Birtaniya da su yi hattara, saboda tarzomar ƙin jinin baƙi da Musulmi da ta ɓarke a garuruwan Ingila bayan kisan yara mata uku a Southport. A wannan rana kuma gwamnatin Kaduna ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe ta koma fashe-fashe. Wato mai tikitin Landan da ke zaune a Unguwar Rimi an ce masa can ba lafiya, nan kuma ko tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ba shi da ikon isa.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne wani maƙwabcina, dattijo mai sayar da yadi a Kasuwar Sheikh Gumi. Bayan sallar isha'i ya ja ni gefe a ƙofar masallaci. Ɗansa ya sami gurbin karatu a wata ƙasa, an biya kuɗin makaranta, biza ta fito, tikiti yana hannu. Sai ga shi zaɓen ƙasar ya rage 'yan makonni, kuma an fara kai ruwa rana tsakanin matasa da 'yan sanda a babban birnin.

"Malam, kai da kake bin labarai, gaya mini gaskiya," in ji shi. "Akwai lafiya a ƙasar nan ko babu?"

Na ce, "Alhaji, in wani baƙo ya tambaye ka ko akwai lafiya a Kaduna, me za ka ce masa?"

Ya yi dariya. "Sai in tambaye shi wace unguwa, kuma yaushe."

To, a nan maganar take. Mu mutanen Kaduna ba baƙin hargitsi ba ne. Mun ga na Fabrairun 2000, mun ga na Nuwamban 2002, mun ga wanda ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa a Afrilun 2011. Wahala ta koya mana karatun gari. In ka ga masu shaguna a titin Ahmadu Bello suna jan ƙofa da tsakar rana, 'yan Keke sun ɗauke ƙafa, iyaye suna rige-rigen kwaso yara daga makaranta, ba sai rediyo ya gaya maka komai ba. Ka san gadar da ba za ka haye ba, ka san lungun da zai fitar da kai Tudun Wada ba tare da ka bi babban titi ba, ka san gidan da za ka ƙwanƙwasa a Barnawa in dare ya rutsa da kai. Wannan ilimi shi ke tsare mutum, bayan tsarewar Allah. Kuma shi ne kaɗai kayan da ba ya shiga jirgi tare da kai. Kana sauka a ƙasar mutane ka zama abin da Hausawa suka faɗa: baƙo ko da ido makaho ne.

Saboda haka ni a ganina tambayar "akwai lafiya?" ba ta kai mutum ko'ina. Tambayar da ta fi amfani ita ce: in abin ya ɓaci ina can, ta wace ƙofa zan fita, da wane kuɗi, da wace takarda?

Kafin a zo nan, sai an bambance irin wutar da ke ci, don ba kowane hayaƙi ne gobara ba. Zanga-zangar haraji ko ta tsadar abinci yawanci tana da filinta da lokacinta. A Kenya, ranar 25 ga Yunin 2024, matasa masu adawa da dokar haraji sun kutsa har cikin majalisar dokoki a Nairobi, an kuma rasa rayuka. Abu ne mai muni, amma ya fi ƙamari a tsakiyar birni da wasu sanannun tituna, a ranakun da aka riga aka shelanta. Baƙon da ya zauna a masaukinsa, bai fita kallo ba, bai ɗaga waya yana ɗaukar 'yan sanda hoto ba, galibi abin da zai same shi bai wuce warin barkonon tsohuwa da asarar kwana biyu ba. Rikicin zaɓe ya fi wannan haɗari, amma yana da wata fa'ida guda ga matafiyi: ranarsa a rubuce take. An san ranar jefa ƙuri'a, an san lokacin faɗin sakamako, an san na kotu da na rantsarwa. Kenyar dai, zaɓen 27 ga Disamban 2007 ne ya haifar da rikicin da ya ci mutum fiye da 1,000, kuma wutar ta tashi ne bayan an faɗi sakamako, ba ranar zaɓe ba. Mu ma a 2011 haka aka yi: an yi zaɓe ranar Asabar lafiya lau, sai da alƙaluma suka fara fitowa gari ya kama. Wanda ya sa ranar saukarsa ta faɗa cikin makon sakamako, alhali yana da ikon matsar da ita, shi ya kai kansa.

Juyin mulki kuma wani abu ne daban, kuma sau da yawa ba harsashi ne ke cutar baƙo a cikinsa ba, rufe ƙofa ne. Da sojoji suka tsare Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ba a yi wani zubar da jini a titi ba. Kasuwanni sun ci gaba da ci. Amma cikin kwanaki kaɗan ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki, Nijar ta rufe sararin samaniyarta. Manyan motoci suka yi layi a Jibiya da Illela da Maigatari, kayan gwari na ruɓewa a cikinsu. Sai a watan Maris na 2024 Nijeriya ta ba da umarnin buɗe iyakar. Ɗan kasuwar da ya shiga Maraɗi da niyyar kwana uku bai ga bindiga ba, amma jarinsa ya ji a jikinsa. Turkiyya ma ta ba da nata darasin. Yunƙurin juyin mulkin 15 ga Yulin 2016 dare ɗaya ya yi aka murƙushe shi, wanda ya kalli talabijin washegari sai ya ce ai an gama. Amma bayan 'yan kwanaki gwamnati ta rufe jami'o'i 15 da ta ce suna da alaƙa da Fethullah Gulen, malamin addinin da ta zarga da kitsa yunƙurin, kuma cikin ɗaliban da abin ya shafa akwai 'yan Nijeriya da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wani lokaci abin da ke biyo bayan rikici ya fi rikicin taɓa baƙo.

Wanda ya fi kowanne muni shi ne ranar da masu bindiga na ƙasa ɗaya suka rabu gida biyu. A nan zan ɗan tsaya, domin Sudan ba nesa take da zukatanmu ba. Kakanninmu ta nan suka bi zuwa Makka a ƙasa, wasu suka zauna can har yau, kuma da wuya ka sami unguwa a Kaduna ko Zariya da ba ta da wanda ya yi karatu a Khartoum.

Yaƙi tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF, wato rundunar ko-ta-kwana ta Mohamed Hamdan Dagalo, ya ɓarke ranar Asabar, 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Mutane da yawa sun ce abin ya zo ba zato ba tsammani. Ga ɗalibin da ke ɗakin kwanansa yana shirin Sallah, haka ne. Amma alamu sun bayyana. Sau biyu a farkon watan aka ɗage sa hannu kan yarjejeniyar miƙa mulki ga farar hula, saboda an kasa daidaitawa kan yadda za a narkar da RSF cikin rundunar soja: sojoji na cewa shekara 2, su kuma suna cewa 10. Kwana biyu kafin a fara harbi, rundunar soja ta fito fili ta yi gargaɗi cewa RSF na jibge dakaru a Khartoum da Merowe ba da izininta ba. In ka ji soja yana ƙarar soja a gidan talabijin, magana ta wuce ta 'yan siyasa.

Abin da ya fara faɗuwa shi ne filin jirgin saman Khartoum, tun ranar farko, har da jiragen fasinja aka lalata a ƙasa. Wannan kaɗai ya mai da tikitin dawowa takardar banza. Wuta ta ɗauke, ruwa ya yanke, bankuna suka rufe. Amurka ta kwashe ma'aikatan ofishin jakadancinta da jirage masu saukar ungulu cikin mako guda. Namu kuwa sai motocin safa, ta hamada, tafiyar da ta kai ta Kaduna zuwa Legas ko ta fi, zuwa iyakar Masar. Da suka isa ma ba a buɗe musu nan take ba. Sun yi kwanaki a bakin iyaka, mata da yara a fili, ana ta kai-komo tsakanin gwamnatoci kan sharuɗɗan shiga. Rukunin farko bai sauka a Abuja ba sai daren 3 ga Mayu, a jirgin Air Peace da na sojan saman Nijeriya. Kwana 18 ke nan daga fara yaƙin. An kwaso sauran daga baya, wasu ta Port Sudan, kuma a yaba wa waɗanda suka yi aikin. Amma uban da zai yanke shawara yau ya riƙe wannan lissafi: ceto yana zuwa, sai dai ba ya zuwa da wuri, kuma kwanakin da ke tsakani kai da guzurinka ne.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ba mu cika son ji ba, wato nauyin koren fasfo. Baturen da ke zaune a gari ɗaya da kai yana iya jira har abin ya fara zafi, don ƙasashen da ke maƙwabtaka za su karɓe shi ba biza, gwamnatinsa kuma tana da jirage da sansanoni a kusa. Kai ba haka ba ne. In ka bar yankin Afirka ta Yamma, yawancin iyakokin da za ka tunkara a guje za su nemi biza, kuma ba a neman biza ana gudu. Mun gani a Yukiren bayan Rasha ta kai mamaya ranar 24 ga Fabrairun 2022: an rufe sararin samaniya nan take, ɗalibanmu suka nufi iyakokin Poland da Hungary da Romaniya cikin tsananin sanyi, da yawansu suka ba da labarin yadda aka riƙa tura baƙar fata baya a tashoshin jirgin ƙasa da layukan iyaka. Waɗanda ke garin Sumy sun shafe kusan mako biyu a maƙale. Alhali tun watan Janairu Amurka ta umarci iyalan ma'aikatan jakadancinta su bar Kiev, kamfanin KLM kuma ya daina zuwa tun kusan mako biyu kafin mamayar. Ƙa'idata a nan mai sauƙi ce: ranar da ka ji Turawa sun fara kwashe matansu da 'ya'yansu, ko manyan kamfanonin jirage sun fara janyewa, kai da kake riƙe da koren fasfo ka riga ka makara da kwana ɗaya. In kuwa ba ka tafi ba tukuna, to ka ajiye jaka.

Akwai kuma tambayar ko kai wane ne a idon masu rikicin. Akwai tarzomar da ba ruwanta da baƙo, akwai wadda baƙon take nema. A Afirka ta Kudu cikin Satumban 2019 shagunan 'yan Afirka baƙi aka bi ana ƙonawa, har aka kwaso ɗaruruwan 'yan Nijeriya gida. A Libiya a 2011 baƙar fata kawai ta isa a zarge ka da zama sojan hayar Gaddafi. A Ingila a 2024 masallatai da masaukan 'yan gudun hijira aka tasar wa. Mai gemu da hula, ko mace mai hijabi, lissafinsu a irin wannan wuri ba ɗaya ba ne da na wani.

To ina mutum zai sami labarin da zai dogara da shi? Mutane da dama suna duba gargaɗin tafiye-tafiye na Amurka da Birtaniya, kuma yana da amfani, in an san yadda ake karanta shi. Na Amurka hawa huɗu ne, na huɗun shi ne "kada ka je". Jihar Kaduna ta daɗe a wannan hawa na huɗu, ga mu kuwa muna ciki muna aurar da 'ya'yanmu. Ko a 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titin sauka aka karkato da jirage nan Kaduna, manyan kamfanonin Turai ƙin zuwa suka yi, Ethiopian Airlines ne ya zo. Wannan yakan sa wasunmu su yi tsaki su ce duk farfaganda ce. Ni ban yarda ba. Wanda ya tuna harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 ya san gargaɗin ba daga iska aka ɗauko shi ba. Kuskuren shi ne kallon lambar hawan kaɗai. A karanta dalilan da aka jera, a ga wane yanki aka ambata da suna, a kuma lura da ranar da aka sabunta shi. Gargaɗin da ya shekara biyar bai motsa ba labarin yanayin ƙasa ne. Wanda aka ɗaga shekaranjiya, shi ne ƙararrawa.

Sai mutanen da ke can. Ƙungiyar ɗaliban Nijeriya a makarantar, ko 'yan kasuwarmu da suka daɗe a garin, sun fi kowane shafi sanin wace unguwa ce ke lafiya. Amma a tambaye su da dabara, don wanda ya daɗe a wuri yakan saba da abin da bai kamata a saba da shi ba, kamar dai yadda mu ma muke ce wa baƙo "ai ba komai" ana jin harbi a bayan gari. Kada ka ce masa "lafiya?" Ka ce: jiya ƙarfe nawa ka koma gida? Bankuna suna ba da kuɗi? An taɓa katse intanet a watan nan? Farashin burodi da mai ya motsa? Kai ka aika iyalinka gida? Amsar ta ƙarshen nan takan fi sauran gaskiya. Wanda ba zan nemi shawararsa ba sam shi ne ejan ɗin da ya shirya tafiyar. Ba don maƙaryaci ne ba, a'a, ladansa ne ke rataye da tashin jirgin. Na Alhaji ma abin da ya ce masa ke nan: "Ranka ya daɗe, ai 'yan jarida ne kawai ke zuzutawa."

Maganar kuɗi kuwa, ita ce ke rufe wa mutane ido. An sayar da fili, an ci bashi, an canji dala da tsada, yanzu a ce a fasa? Amma kuɗin da ya riga ya fita ba ya dawowa don ka jefa kanka a wuta. Sai ma ya nemi ƙari. Abin dubawa shi ne nawa za a iya cetowa. In kamfanin jirgi ne ya soke tashi, hakkinka ne ya mayar maka da kuɗi ko ya sauya maka rana. In kai ka fasa don tsoro alhali jirgin zai tashi, sai abin da sharaɗin tikitinka ya ce, kuma tikiti mafi arha shi ne mafi tsauri. Saboda haka wani lokaci gara ka biya tarar ɗage rana da ka soke gaba ɗaya. Jami'o'i da yawa suna yarda a jinkirta shiga zuwa zango na gaba in an rubuta musu da wuri, asibitoci ma suna sauya rana. Inshorar tafiya kuma, wadda yawancinmu ke saye kawai don ofishin biza ya nema, a buɗe ta a karanta: galibinsu sun cire yaƙi da tarzoma da juyin mulki daga abin da suke biya.

Kada kuma a manta da inda za a ya da zango. Mai zuwa Guangzhou sarin kaya yana iya cewa ai Sin lafiya take, amma ta Doha ko Dubai ko Addis Ababa ko Alƙahira zai bi. Ranar 23 ga Yunin 2025, da Iran ta harba makamai kan sansanin Amurka da ke Ƙatar, an rufe sararin samaniyar ƙasar na wasu sa'o'i, dubban fasinjoji suka yi cirko-cirko a filin jirgin Doha. Wanda ke da 'yan daloli a aljihu da maganinsa a jakar hannu ya sha wahala kaɗan. Wanda ya zuba komai a babbar jaka ya sha da yawa.

In an auna duka aka ga tafiyar ba ta ɗaguwa, kamar mara lafiyar da aikin tiyatarsa ba ya jira, to ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, kuma ya kwana a jikinka, kada ka bar shi wurin mai masauki ko wani ofishi in ba dole ba. A Khartoum akwai mutanen da yaƙi ya rutsa da fasfonsu a ofisoshin jakadancin da suka nemi biza, ma'aikatan suka tashi suka bar su ba takarda. A ɗauki hotonsa a waya, a kuma bar kwafi a gida. A riƙe tsabar kuɗi ƙananan takardu, a raba su wuri biyu, don kati da manhajar banki ba sa aiki ranar da aka katse sadarwa, kamar yadda gwamnatin Mubarak ta yi a Masar a ƙarshen Janairun 2011. Lambobin waya masu muhimmanci a rubuta su a takarda. Ana sauka a kai suna ofishin jakadancin Nijeriya, domin ranar kwashe mutane da jerin sunaye ake aiki. A kuma yanke tun daga gida: in abu kaza ya faru, zan fito, ba sai na yi shawara da kowa ba. Wanda bai ja wannan layi tun hankalinsa na kwance ba, kullum zai riƙa cewa bari a ga gobe.

Alhaji ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Malam, ai abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ko a kan gadonka kake sai ya same ka."

Na ce, "Haka ne, Alhaji. Amma na ga kullum da yamma kana sa wa shagonka kwaɗo biyu."

Ya yi murmushi bai ce komai ba. Bayan kwana uku yaron ya zo ya same ni da wayarsa, muka rubuta wa makarantar takardar neman jinkiri. Sun amsa cewa yana iya zuwa har mako na shida bayan buɗewa, wato kwana goma sha wani abu bayan ranar da ake sa ran faɗin sakamako. Alhaji ya biya tarar sauya tikiti yana mita, ya ce kuɗin ya kai ribar bandir huɗu na shadda. Uwar yaron kuwa ta ce ko an faɗi sakamako sai ta yi istihara tukuna. Jakar tana nan a ɗaure a ɗakinta, har da ƙullin kilishi da yaji a ciki.